Ɗorawar Iya Nana

Funtua, bayan tashar mota

Zuwa ga baiwata Hansai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Ɗanjuma da yara. Ya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau, in ban da hayaƙi da ya kusa cinye mani ido.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Tun da aka rufe layin waya a yankin nan, wayata ta koma tocila. Jibril direba, mai farar bas da ke bin hanyar Malumfashi, ya ce zai riƙa ajiye maki saƙo wurin mai faci a bakin titin garinku. Rabona da biro tun ina budurwa, sai a yi haƙuri da rubutun, kamar kaza ta yi tono.

Daddawa ta ƙare. Jiya na kankare gindin kwando na yi miyar ƙarshe. Ki taimaka ki ba Jibril ko kwando ɗaya ne, don ba ki san halin da nake ciki ba. An buɗe wani gidan abinci daidai tsallaken rumfata, duk gilashi, da fanka da talabijin, ana sayar da shawarma da soyayyar shinkafa a roba. Samari sun kwashe sun koma can, har waɗanda na ciyar tun suna kwandasta. Waɗanda suka rage mani su ne 'yan dakon masara, da leburorin injin gurzar auduga, da tsofaffin direbobi. Kuma ba don kyawun fuskata suke zama ba. Masu tuwo a tashar nan mun fi goma, kowace da daddawar waken suya da dunƙulen magi take miya, ni kaɗai ce mai daddawar kalwa. Akwai wani Malam Aƙilu, tsohon direban tirela, ya ce in ya kai lomar farko ta miyar kukata sai ya ji kamar a ɗakin tsohuwarsa yake. Ban gaya mashi aikin baiwata ba ne, kada kanki ya kumbura.

Wata masifar kuma itace. Tun da aka hana motoci ɗauko shi daga daji, ɗaurin da ke kai ni yamma yanzu ko ruwan tuwo ba ya tafasawa. Allah dai ya kawo sauƙi.

Uwar ɗakinki,
Suwaiba

Tudun Kalgo

Zuwa ga Suwaiba,

Wa alaikumus salam. Ɗanjuma ne ke rubutawa, ni ke faɗa, kin san ni da boko sai kallo. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi in ba an yi ruwa ba. Ki gaida yara.

Wa ce baiwar wa? Uwata ce ta goyi ubanki har ya yi wayo, ki tambayi duk wanda kika ga dama. Ga daddawa nan kwando ɗaya, na sa maki kuka sabuwar daka a ƙulle a gefe. Kada ki bar ta kusa da kananzir kamar wancan karon.

Mu ma nan abin ba daɗi. Gonar Ɗanjuma ta bakin daji, masara ta nuna, amma ba mai iya zuwa. Mutanen nan masu bindiga sun ce duk wanda ya shiga gona shi ya sani. Daga tudun makabarta muna hango ta, tana tsaye tana bushewa. Abin da ke riƙe da gidan nan yanzu daddawar nan ce da kike saye.

Sai maganar ɗorawa. Masu itace sun daina shiga daji, sun dawo kan itatuwan gonakin bayan gari. Alhaji Kamalu ya aiko har sau biyu. Ya ce inuwarta tana kashe mashi masara, tarakta kuma ba ta iya juyawa a wurin, in mun yarda a sare zai ba mu buhunan masara. Na tuna mashi abin da aka yi gaban mai unguwa ranar da Kawu, babanki, ya sayar mashi da gonar: ƙasa tashi, ɗorawa tamu, don kakarmu Iya Nana ta bar wa jikokinta mata biyu ne, ni da ke, kuma ba a sa mata gatari sai bakinmu ya zo ɗaya. Ya ce ya sani, tambaya dai yake yi. Ɗanjuma ya ce in gaya maki cewa shi bai ce komai ba. To, bai ce ba, amma ina ganin yadda yake kallon rumbu.

Shekaranjiya na bi ta gindinta. Guntun ƙarfen fartanya da Iya ta kafa a jikinta tana rataya gorar ruwa, wanda ya tsage maki ƙafa ranar da kika ce ke ma sai kin hau, yana nan, itacen ya kusa haɗiye shi. Har yau ina jin ihunki.

Taki,
Hansai

Funtua

Hansai,

Bayan gaisuwa, saƙo ya iso, Allah ya saka. Na ji zancen gonar Malam Ɗanjuma, wallahi raina ya ɓaci. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan abu. Ni ma tari ya kama ni, amma da sauƙi.

Ba zan ɓoye maki ba, na sauke tukunyar tuwo. Babu abin da ban gwada ba. Na hura totuwar masara, wutar ta tashi fuu ta mutu kafin a yi talge. Na gwada ɗusar katako, tuwon ya fito yana warin hayaƙi, Malam Aƙilu ya ci loma biyu ya wanke hannu ya tashi, kuma da ya zage ni da ya fi mani sauƙi. Wata ta ce in sayi gas kamar na gidan gilashi. Gas ɗin da zai tuƙa tukunyar da ake ciyar da 'yan dako, sai dai in sayar da rumfar in saye shi. Yanzu da yamma nake fitowa da risho ina soya ƙwai da indomi, ni Suwaiba, da furfurata, ina gasa da masu shayi.

Ranar da na buɗe kwandonki ina shanya ta a kan benci, wasu 'yan mata biyu suka fito daga gidan gilashi da robobinsu, ɗaya ta toshe hanci ta ce wai wani abu ya mutu a kwata. Na ce mata abin da ya raini uwarki ne. Amma da suka wuce sai na ji hawaye, ban san dalili ba.

Don haka kada ki aiko da wata daddawar yanzu, sai na neme ki. Wadda ke nan ma ban taɓa ba.

Ke kuma da ɗorawarki, kin cika mani takarda da ita kamar wata amarya. Tunda Alhaji Kamalu ya mutu a kanta, ki ba shi mana, ki aiko mani da rabona faskare, ai ta fi mani amfani a ƙarƙashin tukunya da a cikinta. Mun huta da warin da ke korar 'yan mata. Ni na ce, baiwa ba ta da ta cewa. Kuma ƙarya kike, ban yi ihu ba, ke ce kika ruga gida kina kuka kika bar ni da jini.

Ki gaida Malam.

Suwaiba

Tudun Kalgo

Suwaiba,

Muna lafiya, muna fatan tarin ya sake ki.

Ɗanjuma ya karanta mani takardarki, na ce ya sake, ya sake. Na ce mashi wasa ne, haka muke da ke tun muna tsirara. Ya ce shi bai ga dariya a takarda ba, abin da ya gani shi ne kin sauke tukunya, kin ce a daina aiko da daddawa, kin ce a sare a aiko maki da rabonki. Da a waya ne da na gane daga muryarki. A bakinsa kuwa komai kamar sanarwar rasuwa yake fita.

Ya kai wa mai unguwa, mai unguwa ya ce wannan ai baki ne, har ma ya fi baki tunda rubutu ne. Saura nawa bakin. Suwaiba, rumbu ya kai ƙasa. Yara sun fara cin abinci sau ɗaya. In ke da kike saye kin daina, wa zan yi wa daddawar? A kasuwar Malumfashi ta waken suya ake nema, ta fi araha.

Na roƙi Alhaji ya jira har wata ya tsaya. Don Allah ki aiko da kalma ɗaya. In wasa ne ki ce wasa ne, ni kuma ko ganye za mu ci ba za a taɓa ta ba. In na ji shiru, zan ɗauka kin faɗa ne da gaske kina jin nauyin maimaitawa.

Hansai

Funtua

Baiwata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Shiru kwana da kwanaki, ko kin yi fushi ne don na tona asirin gudunki? Jibril ma ya ɓace, an ce injin motarsa ya buga a Bakori, tana can wurin makanike. Wannan ta hannun wani mai ɗaukar albasa na ba da. Tari ya tafi, alhamdu lillahi.

Ki ce wa Malam Ɗanjuma na gode, na gode, Allah ya rufa mashi asiri kamar yadda ya rufa mani. Ranar Laraba wata motar masara ta tsaya a bayan rumfa, aka ɗaga buhuna, sai ga faskare a ƙasa jibgi guda. Yaran motar suka ce daga Tudun Kalgo, an ce a sauke wa Suwaiba mai tuwo. Na tsaya ina kallo kamar an kawo mani lefe. Ɗanye ne, amma na baza shi a kan kwanon rumfa, rana tana yi mani aiki, busassun rassan kuma da su na fara.

Hansai, na mayar da tukunya! Da ƙamshin miya ya tashi, kafin azahar benci ya cika. Malam Aƙilu ya ci malmala uku, ya ce ashe dai da sauran kwanansa a duniya. Har wani yaro mai aiki a gidan gilashi ya lallaɓo ta baya da kwanonsa, ya ce kada in gaya wa kowa. Na cika mashi, na ƙara mashi man shanu.

Abu ɗaya ne ya taɓa mani rai. Itacen nan ɗorawa ce, na gane ɓawon da jan ƙaron da ke jikinsa. Ko wane marar tsoron Allah ne ya sare ɗorawa mai haihuwa a garinku? Ki ce mashi Suwaiba ta ce Allah ya shirye shi, ko da yake ni ke cin moriyar. Tamu dai na san tana nan tsaye, tunda ba a taɓa ta sai da bakina.

Yanzu sai ki tashi tsaye. Kwandon nan ba zai kai ƙarshen wata ba. Ki aiko da biyu, kuma ki fara shirin bazara, don bana duk abin da ta haifa ni zan saye, kada ki sayar wa kowa ko mudu ɗaya.

Uwar ɗakinki mai tuwo,
Suwaiba

Tudun Kalgo

Suwaiba,

Assalamu alaikum. Wannan ba hannun Ɗanjuma ba ne, Malama Amatullah ta Islamiyya ce ke rubuta mani, ita ta karanta mani taki. Lafiyar jiki muna da ita.

Da ta kai wurin da kika ce tamu tana nan tsaye, sai na ce ta dakata. Na fita bayan ɗaki na daɗe.

Ita ce, Suwaiba. Itacen da kike hurawa ɗorawar Iya Nana ce. Na rubuta maki na ce ki aiko da kalma ɗaya kafin wata ya tsaya. Kullum ina tura a duba wurin mai faci, babu komai. Wata ya tsaya, na ƙara kwana biyu a kai don kaina, sannan na ce to. Ba wanda ya tilasta mani, da bakina na faɗa gaban mai unguwa.

Da injin zarto suka zo da safe. Na ce ba zan je ba, amma ƙarar tana shigowa har cikin gida, sai na ga gara in gani. Itacen da mutum uku ba sa zagaye shi da hannu, kafin rana ta take ya kwanta. Da ya faɗi ƙasa ta girgiza har cikin ƙafata mai ciwo. Matan unguwa suka zo da igiya suna tsintar ƙirare, wasu suna yi mani sannu kamar an yi mutuwa, suna yi suna tsinta. Ban ga laifinsu ba.

Alhaji Kamalu bai ci amana ba, ya aiko da masarar kamar yadda ya ce. Ɗanjuma ne ya tsaya kai da fata sai an kai maki rabonki na itace har Funtua, ya ce haƙƙinki ne, ke kika nema. Yara suna cin tuwo safe da dare. Ni ma ina ci, yunwa ba ta san komai ba.

Kalwar da ta rage buhu ɗaya ce, ta bazarar da ta wuce. Da ita zan yi maki kwandunan da kika ce. Bayan ita babu. Sauran ɗorawoyin bayan gari ma an bi su ɗaya bayan ɗaya, yanzu daga ƙofar gidanmu ana hango titi.

In kina kwashe toka ki lura. Masu faskare sun ce gatarinsu ya ci karo da ƙarfe, ba su iya cire shi ba, a cikin rabonki ya tafi.

Hansai

Funtua

Hansai,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Ina fatan kuna lafiya.

Takardarki ta iso da hantsi. Da la'asar sai ga Jibril, an gyara mota, yana ba ni haƙuri, ya ciro wata takarda daga aljihun gaban mota duk baƙin mai, wadda kika ce in aiko da kalma ɗaya. Na karanta su biyun a jere. Ban yi mashi faɗa ba, me zan ce mashi?

Ƙarfen kuwa tun shekaranjiya yana wurina. Na gan shi a toka, na ɗauka wani tarkacen mota ne, na sa shi ina tokare ƙafar benci. Yanzu na ciro shi na wanke. Na ɗaga zane na dubi tabon ƙafata, na dubi ƙarfen.

Haba Hansai. Shekara nawa muna wannan wasan? Ranar aurenki ban ce maki angon ya fi ki kyau ba? Ranar da na haifi Awaisu ba ki ce ya yi kama da ƙwaɗo ba? Yaushe na taɓa faɗa maki magana ta gaske da kalmar baiwa a ciki? Na yi fushi da ke, na yi fushi da Malam Ɗanjuma da muryarsa, na yi fushi da waɗanda suka rufe waya. Da dare ya yi duk fushin ya dawo kaina. Mace tana gaya mani rumbunta ya kai ƙasa, ni ina can ina zolaya.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne yau ma da shi na dafa. Na tsaya a gaban tarin itacen na ce ba zan ƙara sa ko tsinke ba. Sai ga 'yan dako sun fara zama a benci. Na ɗauka na tura a murhu, yana ci da kyau, ya bushe sarai. Malam Aƙilu ya ga ina share ido ya ce hayaƙi ne? Na ce hayaƙi ne.

Na daina zubar da tokar. Ga ta nan a buhun siminti na ba Jibril, na san kina neman toka wurin surfen kalwa, gara tata da ta wani. Ƙarfen zan riƙe.

Roƙo ɗaya nake yi, don girman Allah. Kafin ki zuba buhun nan a tukunya, ki ɗebi ko tafin hannu ɗaya ki ajiye ɗanye. In damina ta faɗi a shuka, ko a bayan ɗakinki ne. Na san ba mu za mu ci ba. Wannan ba wasa ba ne, ki ce wa Malama ta karanta maki shi sau biyu.

Suwaiba

Tudun Kalgo

Suwaiba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sanyi ya tayar da ƙafar amma ina takawa. Malama ta karanta sau biyu kamar yadda kika ce.

Jibril ya iso da buhun toka da takardarki na riga na sauke tukunya. Tunda kin ce kwando biyu, sai na zuba kalwar duka, ta kwana a wuta, ta yi laushi. Ina tsaye a bakin turmi ina tunanin gidan da zan aika a samo mani toka, sai ga taki. Da ita na surfa. Ɓawon ya fita tas, ban taɓa ganin kalwa ta wanku haka ba.

Da aka karanta mani roƙonki na juye buhun na kakkaɓe, na share ƙasan rumbu da hannuna. Na samu ƙwaya bakwai. Biyar ƙwari sun huda su. Biyun na ƙulle a bakin zane, amma kada ki sa rai. Bayan ɗakina awaki ne, gona kuma ba mu da wadda za mu iya zuwa. Na tambayi Alhaji ko zai bari a sa a gefen kunya inda tsohuwar take, ya ce in yi haƙuri, ya riga ya sa an tone kututturen.

Daddawar ta yi. Da na buɗe ganyen da na rufe ta, ƙamshin ya kai har zaure, Ɗanjuma ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya ya fita. Kada ki riƙe shi a rai. Tun ranar da aka sare bai ƙara bi ta hanyar gonar ba, zagaye yake yi ta makabarta.

Ga kwanduna biyu nan, ban rage ko ɗaya ba. Ki riƙa sa rabin abin da kika saba, ki daka ta da ɗan barkono, za ta kai ki azumi in kin yi hankali. Ranar da za ki yi miyar ƙarshe ki gaya wa Malam Aƙilu, kada ya zo washegari ya ci ta waken suya bai sani ba. Bayan nan ban san abin da za ki sayar ba, ni ma ban san abin da zan yi ba.

An ce layin waya ya dawo jiya. Duk gari ana ta kiraye-kiraye, har da masu hawa katanga neman layi. Ɗanjuma ya nemo lambarki ya miƙo mani wayar ya ce ga Suwaiba, in danna kore kawai. Na riƙe ta har fitilarta ta mutu. Na san da kin ɗauka za ki ce baiwata, ni kuma ban san ko zan iya dariya ba.

Hansai